Darasin Kiwon Lafiya: Dashen Tsibiran Insulin Cikin Ƙwanso Domin Masu Ciwon Sukari

Gabatarwa

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi ciwon sukari, wanda waɗansu ke kira ciwon suga, da kuma wata hanyar magani da masana suka yi shekaru fiye da 40 suna nema. Hanyar ita ce a ɗauko ƙwayoyin halitta masu yin insulin, a sa su cikin ɗan ƙwanso mai kāre su, sa'an nan a dasa su a jikin mai ciwo domin su yi masa aikin da nasa suka kāsa.

Dalilai biyu suka sa muka zaɓi wannan batu. Na fari, ciwon ya yi yawa. Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2024 manya miliyan 589 ne suke ɗauke da shi, wato kusan mutum 1 cikin 9, kuma a cikin majami'unmu ma muna zaune a benci ɗaya da masu fama da shi. Na biyu, labarin sabon magani yakan iso mana a gutsure ta rediyo ko ta wayar hannu, har waɗansu su zaci an riga an gama, su yar da allurarsu, ko kuwa su miƙa kuɗinsu ga 'yan damfara. Saboda haka ya kamata mu san abin da aka cim ma, da abin da ya saura, da kuma koyarwar Ikilisiya a wuraren da wannan bincike ya taɓa ran ɗan adam. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

1. Tsibiran da ke cikin jikinmu

A bayan tumbin mutum, kusa da inda ƙaramin hanji ya fara, akwai wani sashen jiki mai laushi, tsawonsa wajen santimita 15, wanda likitoci ke kira fankiriyas. Yawancin namansa aikinsa shi ne yin ruwan da ke narkar da abinci a cikin hanji. Amma a shekarar 1869 wani ɗalibin likitanci a birnin Barlin na ƙasar Jamus, mai suna Paul Langerhans, ya duba wannan nama da madubin likita, ya ga waɗansu ƙananan dunƙulen ƙwayoyin halitta warwatse a cikinsa, ba su yi kama da sauran ba. Sun zauna daban daban kamar tsibirai a tsakiyar kogi, shi ya sa daga baya aka sa musu suna tsibiran Langerhans. Mutum mai lafiya yana da wajen miliyan 1 na waɗannan tsibirai. Kowannensu bai kai ƙwayar acca girma ba, kuma dukansu in an haɗa ba su wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 na fankiriyas ba.

Ga yadda suke aiki. Sa'ad da muka ci tuwo, ko doya, ko shinkafa, jiki yana narkar da su su zama sukari, sukarin ya shiga jini. Wannan sukari shi ne makamashin jiki, amma ba ya iya shiga tsoka yadda ya kamata sai da taimakon wani sinadari mai suna insulin. A cikin tsibiran akwai ƙwayoyin da ake kira beta. Su ne suke auna sukarin jini dare da rana. In ya hau, sai su saki insulin daidai gwargwado, tsoka ta ɗauki rabonta, hanta kuma ta ajiye saura kamar rumbu. In ya sauka, sai su rage, waɗansu ƙwayoyi maƙwabtansu da ake kira alfa su ba hanta umarni ta buɗe rumbun. Duk wannan yana faruwa ba tare da mun sani ba, ko muna barci ko muna gona.

2. Iri biyu na ciwon, da iyakar allura

Ciwon sukari yana da manyan iri biyu. Iri na biyu shi ya fi yawa, gama fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon shi suke da shi. A nan tsibiran suna nan suna yin insulin, sai dai jiki ba ya jinsa sosai, har daga baya ƙwayoyin beta su gaji. Ana lura da shi ta hanyar gyara abinci, motsa jiki, shan ƙwayoyi, wani lokaci kuma da allura. Iri na ɗaya kuwa yakan kama yara da matasa, ko da yake yana kama manya ma. A nan garkuwar jikin mutum ce take kuskure, ta ɗauki ƙwayoyin beta a matsayin abokan gāba, ta hallaka su. Mai wannan iri ba shi da insulin na kansa, kuma ba zai rayu ba sai an ba shi daga waje. Dashen da muke magana a kai domin iri na ɗaya ne musamman.

A shekarar 1889 Oskar Minkowski da Joseph von Mering suka cire fankiriyas na wani kare, sai karen ya kamu da ciwon sukari mai tsanani. Daga nan aka gane inda tushen ciwon yake. A 1921 Frederick Banting da Charles Best, a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, tare da John Macleod da James Collip, suka fitar da insulin, kuma a watan Janairu na 1922 aka fara yi wa wani yaro mai shekara 14 allurarsa. Kafin wannan lokaci, yaron da ya kamu da iri na ɗaya ba ya daɗewa a duniya.

Insulin ya ceci rayuka masu yawan gaske, amma allura ba ta da ido, ba ta auna jini kamar yadda tsibiri yake yi. In insulin ya yi kaɗan, sukari yana zama a sama shekara da shekaru, yana lalata ido, ƙoda, jijiyoyi da zuciya, yana kawo gyambon ƙafa da ba ya warkewa. In ya yi yawa, sukari ya faɗi, mutum ya yi gumi, jikinsa ya yi rawa, har ya suma. Akwai waɗanda bayan shekaru ba su ƙara jin alamar faɗuwar ba, sai dai a tarar da su kwance. Domin irin waɗannan ne likitoci suka fi neman hanyar mayar da tsibirai cikin jiki.

3. Dashe da wahalarsa

Tunanin dashe tsoho ne. A 1893 wani likita a birnin Biristol na Ingila, mai suna Watson Williams, ya dasa gutsattsarin fankiriyas na tunkiya ƙarƙashin fatar wani yaro mai shekara 15, amma yaron ya rasu bayan kwana 3. A 1966 aka fara dasa fankiriyas ɗungum a Jami'ar Minesota ta Amurka, aikin tiyata ne babba mai haɗari. Sai masana suka ce, tun da yake tsibiran kaɗai ake bukata, me zai hana a tsame su a bar sauran naman? Paul Lacy ya nuna hanyar tsame su a 1967, a 1972 kuma shi da abokin aikinsa suka nuna cewa tsibiran da aka dasa suna sauƙaƙa ciwon a jikin ɓeraye. A 1988 Camillo Ricordi, mutumin Italiya, ya fito da na'urar da ke tsame tsibiran mutum da yawa.

Babban ci gaba ya zo a shekarar 2000, sa'ad da James Shapiro da abokan aikinsa a birnin Edmonton na Kanada suka ba da labarin mutum 7 da aka zuba musu tsibirai ta babbar jijiyar da ke kai jini hanta. Dukansu 7 suka daina allura. Amma da aka bi sawun masu irin wannan dashe har shekara 5, wajen kashi 10 cikin 100 ne kawai suka ci gaba ba tare da allura ba, ko da yake a jikin yawancinsu tsibiran suna ɗan aiki, suna kuma hana mummunar faɗuwar sukari. An ƙara inganta hanyar daga baya, har a watan Yuni na 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan dashe, mai suna Lantidra, domin manya masu yawan faɗuwar sukari mai tsanani.

Wahala biyu suka tsaya a gaba. Ta fari, tsibiran daga jikin mamata suke fitowa, kuma sau da yawa mutum ɗaya yana bukatar na mamata biyu ko fiye. Ta biyu, garkuwar jiki ba ta yarda da baƙo. Waɗanda suka san dashen ƙoda, irin wanda ake yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano tun 2002, sun san cewa wanda aka yi wa dashe yana shan magungunan danne garkuwa muddin ransa. Waɗannan magunguna suna da tsada, suna buɗe ƙofa ga cututtuka irin su tarin fuka, suna ƙara haɗarin waɗansu nau'o'in ciwon daji, waɗansunsu kuma suna taɓa ƙoda. Ana kukan targaɗe, sai ga karaya. Shi ya sa ba a yi wa yaro mai ciwon sukari wannan dashe haka kawai, gama allura ta fi masa sauƙin haɗari.

4. Dabarar ƙwanso

Daga nan ne tunanin ƙwanso ya taso. Mu ɗauki misalin gidan sauro. Iska tana shiga, numfashin mai barci yana fita, amma sauro ba ya samun hanya domin ramukan sun yi masa ƙanƙanta. Haka masana suke so su yi wa tsibiri. Sukari, iskar oksijin da abinci ƙanana ne, za su ratsa ƙwanson su shiga. Insulin ma ƙarami ne, zai ratsa ya fita. Fararen ƙwayoyin jini kuwa, waɗanda su ne sojojin garkuwar jiki, manya ne, za su tsaya a waje. In wannan ya tabbata, ba sauran bukatar magungunan danne garkuwa.

Thomas Chang na Jami'ar McGill a Kanada shi ya bayyana wannan dabara ta rufe abu mai rai cikin siririn ƙwanso a 1964. A 1980 Franklin Lim da Anthony Sun suka rufe tsibirai cikin ƙwanso suka dasa wa ɓeraye masu ciwon sukari, sukarinsu ya daidaita na mako 2 zuwa 3. Abin da suka yi amfani da shi shi ne aljinet, wani abu mai yauƙi da ake samu daga ciyawar teku. Ana gauraya tsibiran da shi, a riƙa ɗiga shi cikin ruwan da ke da sinadarin kalsiyam, sai kowane ɗigo ya daskare ya zama ɗan dunƙule mai laushi kamar ƙwan kifi, da tsibiri ɗaya ko biyu a ciki.

Ƙwanso iri biyu ne. Akwai ƙananan da muka ambata, waɗanda ake zuba dubbansu a cikin kogon ciki. Amfaninsu shi ne abinci da iska suna isa ga tsibirin da sauri, gama tazarar kaɗan ce. Aibinsu kuwa, in sun warwatsu ba a iya tsince su duka. Akwai kuma babba, kamar 'yar jaka shimfiɗaɗɗiya wadda ba ta wuce katin shaida girma ba, ana cusa tsibirai da yawa a ciki a sa ta ƙarƙashin fata. Ita ana iya ciro ta duk ranar da aka ga matsala, amma tsibiran da ke tsakiya suna cunkushe, ba su samun isasshiyar iska.

5. Abin da gwaje-gwaje suka nuna

An fara gwada ƙananan ƙwanso a jikin mutum a Asibitin Waliyyi Vincent da ke Los Anjeles a Amurka, asibitin da Sistoci 'Ya'yan Ƙauna suka kafa. Likita Patrick Soon-Shiong ya ba da labari a 1994 cewa wani mutum mai shekara 38 ya yi wata 9 ba tare da allura ba. Sai dai mutumin an riga an yi masa dashen ƙoda, yana shan maganin danne garkuwa, don haka ba a iya cewa ƙwanson kaɗai ne ya kāre tsibiran ba.

A 2006 Riccardo Calafiore a birnin Peruja na Italiya, a 2009 kuma Bernard Tuch a birnin Sidni na Ostareliya, suka gwada ƙwanson aljinet ba tare da maganin danne garkuwa ba, kowannensu a jikin mutane kaɗan. Ƙwanson bai cutar da kowa ba, a Italiya ma bukatar insulin ta ragu, amma babu wanda ya rabu da allura. A ƙasar Niyu Zilan wani kamfani ya gwada tsibiran jariran aladu cikin ƙwanso. A 2007 aka ba da labarin wani mutum da aka sami waɗansu tsibiran alade da rai a cikinsa bayan shekara 9 da rabi, amma insulin da suke yi kaɗan ne. A birnin Diresdin na Jamus, Barbara Ludwig da abokan aikinta suka ba da labari a 2013 na wata jaka mai ɗakin iska, wadda ake hura mata oksijin kowace rana ta wata 'yar kafa a ƙarƙashin fata. Tsibiran suka rayu wata 10 ba tare da maganin danne garkuwa ba, amma mutumin bai daina allura ba.

A 2014 kamfanin ViaCyte na Amurka ya fara gwada jaka rufaffiya, sai jiki ya lulluɓe ta da tabo, yawancin ƙwayoyin suka mutu. Da suka huda jakar domin jijiyoyin jini su shiga, ƙwayoyin suka fi rayuwa, amma sojojin jiki ma suka sami ƙofa, dole aka koma ga maganin danne garkuwa. Kamfanin Vertex ma ya gwada tasa jakar, amma a watan Maris na 2025 ya sanar da dakatar da ita, gama ko da yake ba ta cutar ba, insulin da take fitarwa bai kai ya amfani mai ciwo ba. A watan Yuni na 2025 kamfanin ya ba da labarin irin waɗannan ƙwayoyi da aka zuba a hanta ba ƙwanso, tare da maganin danne garkuwa. Cikin mutum 12 da suka karɓi cikakken awo, 10 sun daina allura bayan shekara 1. Wannan ya nuna mana a fili cewa ƙwayoyin suna iya aikin, ƙwanson ne bai kammala ba.

6. Abin da ke hana ruwa gudu

Abu na farko shi ne iska. A cikin fankiriyas kowane tsibiri yana da ƙananan jijiyoyin jini da suka ratsa shi, kuma tsibiran suna shan jini fiye da rabonsu nesa ba kusa ba. A cikin ƙwanso babu jijiya, sai abin da ya tsatso daga waje. Ƙwayar da ta yi nisa da jini fiye da ɗan ƙaramin sashe na milimita takan shaƙe, kuma tsibiri mai yunwar iska yakan daina yin insulin tun kafin ya mutu.

Na biyu shi ne tabo. Duk wanda ƙaya ta taɓa karyewa a ƙafarsa ya san yadda jiki yake kewaye ta da nama mai tauri. Haka jiki yake yi wa ƙwanso, ya nannaɗe shi har ramukan su toshe. Masana a Cibiyar Fasaha ta Masacusets a Amurka sun gyara aljinet domin jiki ya rage yi masa haka, kuma a 2016 suka nuna ya riƙe sukarin ɓeraye daidai har kwana 174. Amma abin da ya yi aiki ga ɓera sau da yawa ba ya yi ga mutum.

Na uku, garkuwar jiki tana da ƙananan sinadarai masu guba waɗanda girmansu bai fi na insulin da yawa ba. Ramin da zai bar insulin ya fita zai iya barinsu su shiga. Na huɗu shi ne yawa. A Edmonton an zuba fiye da tsibirai 10,000 domin kowane kilo na nauyin jiki, wato mutum mai kilo 60 yana bukatar fiye da 600,000. Samun wurin da zai ɗauke su duka cikin ƙwanso, kowanne kusa da jini, babban aiki ne.

Saboda waɗannan matsaloli waɗansu masana suka bi wata hanya, wato su gyara ƙwayoyin kansu yadda garkuwar jiki ba za ta gane su ba. A watan Disamba na 2024, a birnin Upsala na ƙasar Suwidin, aka dasa irin waɗannan tsibirai cikin tsokar hannun wani mutum mai shekara 42, ba ƙwanso, ba maganin danne garkuwa. Rahoton da aka buga a 2025 ya nuna suna da rai suna yin insulin. Awon da aka sa masa kaɗan ne domin gwaji, don haka ya ci gaba da allura. Taƙaitawar magana ita ce, har zuwa 2025 babu ƙwanson da aka tabbatar yana raba mutane da allura na dindindin ba tare da maganin danne garkuwa ba.

7. Daga ina tsibiran za su fito? Koyarwar Ikilisiya

Akwai mafari uku, kuma kowanne yana da tambayar da ta shafi lamiri.

Na fari, jikin mamata. Katikisma ta Ikilisiyar Katolika, a lamba 2296, ta koyar cewa ba da sashen jiki bayan mutuwa aiki ne mai daraja da ya kamata a ƙarfafa, in dai akwai yardar mai shi ko ta waɗanda ke da ikon yin magana a madadinsa, kuma ba a jawo mutuwar wani domin a ceci wani ba. A ranar 29 ga Agusta, 2000, Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya yi jawabi ga taron likitocin dashe na duniya a Roma, ya yaba wannan kyauta, ya kuma hana mai da sassan jikin mutum kayan ciniki. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta Nijeriya ta 2014 ma ta haramta sayar da su.

Na biyu, dabba, musamman alade, wanda insulin nasa ya yi kusa ƙwarai da namu, har an yi shekaru da yawa ana yi wa mutane allurarsa. Paparoma Piyus na 12 tun 1956, da majalisar masana ta Paparoma mai kula da sha'anin rai a 2001, sun nuna cewa dashe daga dabba ba laifi ba ne, muddin bai canza ainihin mutumin ba, akwai kyakkyawan zaton nasara, kuma haɗarin bai wuce kima ba. Wajibi ne a kiyaye kada cutar dabba ta tsallako ga mutane, kada kuma a azabtar da dabbar a banza. Ya kamata likita ya faɗa wa mai jinya asalin abin da za a dasa masa, gama ba kowa ne lamirinsa zai karɓi abin da ya fito daga alade ba.

Na uku, ƙwayoyin tushe, wato ƙwayoyin da ake iya rainonsu a ɗakin bincike su zama kowane irin nama. A 2014 Douglas Melton na Jami'ar Harvard, da waɗansu masana a Kanada, suka nuna yadda za a mai da su ƙwayoyi masu yin insulin. A nan Ikilisiya ta rarrabe. Waɗansu ƙwayoyin tushe, kamar waɗanda ViaCyte ya yi aiki da su, asalinsu daga ɗan tayi ne na 'yan kwanaki, wanda ake hallakawa wajen ɗaukarsu. Takardar Dignitas Personae ta 2008 ta ce wannan babban laifi ne, gama ran mutum yana da daraja tun daga ɗaukar cikinsa, kuma kyakkyawar manufa ba ta halatta muguwar hanya. Takardar ta kuma bambanta nauyin wanda ya hallaka ɗan tayi da na wanda ya karɓi magani daga nesa cikin matsananciyar bukata, don haka mai irin wannan tambaya ya nemi shawarar Fada. Ƙwayoyin tushe na jikin babba da na jinin cibiya kuwa ba su da wannan matsala. A 2007 Shinya Yamanaka na ƙasar Japan ya nuna yadda za a mai da ƙwayar fatar babban mutum ta koma ƙwayar tushe. A 2024 masana a ƙasar Sin suka ba da labarin wata mace mai shekara 25 da aka yi mata tsibirai daga kitsen jikinta, ta daina allura bayan kwana 75, ko da yake tana shan maganin danne garkuwa saboda dashen hanta da aka yi mata a baya. Wannan ya nuna cewa ilimi yana iya ci gaba ba tare da an taɓa ɗan tayi ba.

8. Abin da ya rataya a wuyanmu

Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Mai iri na ɗaya kada ya daina insulin ko na kwana ɗaya sai da umarnin likita, gama cikin 'yan kwanaki jininsa zai lalace, ya suma, har ya rasa ransa. Addu'a da magani ba su gāba da juna. Dokar azumi ma ba ta hau kan marar lafiya ba, don haka mai ciwon sukari ya tambayi likita kafin ya yi azumi.

Mu yi hankali da masu yawo da garin magani ko ruwan kwalba suna cewa ƙwayoyin tushe ne. Ƙwayar halitta mai rai ba ta zama cikin leda a kasuwa, kuma in an haɗiye ta ciki zai narkar da ita kamar kowane abinci. Wanda aka gayyata shiga gwajin magani yana da hakkin a bayyana masa haɗarin a harshen da yake ji, ya yarda ko ya ƙi ba tare da tilas ba.

Mu san alamun ciwon: yawan fitsari, yawan ƙishirwa, rama ba dalili, yaro ya koma fitsarin kwance bayan ya daina. A kai shi a gwada jininsa ba jinkiri. In sukarin ɗan'uwa ya faɗi yana cikin hayyacinsa, a ba shi sukari ko lemun kwalba mai zaƙi. In ya suma, kada a ɗura masa kome a baki, a kai shi asibiti. A ajiye insulin a firij amma kada ya daskare. Inda babu wuta, a rufe shi sosai a sa cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi a inuwa.

A 1923 Banting da abokansa suka sayar wa Jami'ar Toronto haƙƙin mallakar insulin a kan dala 1 kowannensu, domin ya isa ga kowa. Bayan shekara 100, akwai iyalai a tsakaninmu da suke rage awon ɗansu domin kwalba ta kai ƙarshen wata. Zumuntar mata, ta maza da ta matasa za su iya sanin irin waɗannan gidaje, su tallafa musu da kuɗin insulin, da allurai, da abin gwajin jini. Yaron da muka taimaka ya rayu da lafiyar idonsa da ƙodarsa, shi ne zai ci moriyar sabon magani ranar da ya tabbata.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Mene ne bambancin iri na ɗaya da iri na biyu na ciwon sukari?
2. Don me ake so a sa tsibirai cikin ƙwanso, kuma waɗanne abubuwa huɗu suke hana nasara?
3. Wane mafarin ƙwayoyin tushe Ikilisiya ta ƙi, wanne ta yarda da shi, kuma don me?
4. Wane mataki ƙungiyarmu za ta ɗauka a wannan wata domin masu ciwon sukari da ke cikin majami'armu?